Hodar jarirai: me za a shafa a madadinta?

Assalamu alaikum, Edita.

Bazara ta kunno kai, iyaye mata kuma za su fara baɗa wa jarirai hoda saboda ƙurajen zafi. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalinsu.

Hodar kasuwa da yawa da wani farin dutse mai laushi ake yin ta, talk, wanda a wasu wuraren haƙarsa yakan gauraya da asbesto, wani ma'adini mai jawo cutar kansa. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodarsa ta jarirai mai talk a Amurka da Kanada a 2020, sannan a duk duniya a 2023, ya koma sitacin masara. A 2024 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa talk cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar kansa. Amma haɗarin da ya fi kusa da jariri shi ne ƙurar: in ya shaƙa, sai tari da sarƙewar numfashi. Mai ɗauke da kafur ko mentol ta fi muni, tana iya tayar wa wasu jarirai ciwon shawara.

Gaskiya jariri bai buƙatar hoda. Bayan wanka a tsane masa jiki da tsumma mai laushi, ana dannawa a hankali ba gogewa ba, musamman wuya da hammata da matsematsi. A bar shi minti 10 ba kunzugu, iska ta buge shi, sannan a shafa man kaɗanya tsantsa kaɗan-kaɗan, wanda ba a sa wa turare ba. In kunzugu ya fara cin fatar, man zinc oxide na kemis ya fi.

Ga babba mai yawan zufa, sitacin masara ko na rogo, busasshe, an tankaɗe, ya wadatar. Rabin ƙaramin cokali a tafin hannu, nesa da fuskar yaro, a murza a shafa. Fata in da danshi, sitacin yakan dunƙule ya riƙe laima, ƙaiƙayi ya ƙaru. Mata kada su zuba kowace hoda a gabansu.

Kurji ja wur a wurin kunzugu mai ɗige-ɗige a gefe, wanda ya wuce kwana 3, sau da yawa ƙwayar cutar fungas ce, asibiti za a je. Cibiya kuwa ba a sa mata hoda ko toka, sai maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti.

Wassalam,
Wata ungozoma, Zariya