Ƙashin muƙamuƙi: kun faɗi rabi kun bar rabi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na lafiya inda kunka taɓo binciken nan da ake yi kan dabbobi, a yanke kan ƙashin muƙamuƙi, nan gaban kunne inda ya haɗu da ƙoƙon kai, daga baya ya sake tsirowa. Gaskiya ne, an gwada ga ɓeraye da zomaye da tumaki har da birai, amma wallahi rabin zancen kunka faɗi.

Wadda ƙashinta ke tsirowa da kyau ƙaramar dabba ce da ba ta gama girma ba, kuma sai an bar tantanin nan da ke lulluɓe ƙashi don daga jikinshi sabon ke tofowa. Babbar dabba kam ko ya tsiro ba ya komawa kamar da.

To washegari a majalisarmu wani na ta cewa ashe ƙashin baki da kanshi yake gyaruwa ba sai an tai asibiti ba, ni kuwa raina ya ɓaci don na ga abin a gida. Ɗan ƙanwata yana shekara 6 ya faɗo daga amalanke haɓa ta daki ƙasa, anka shafa man zafi anka ce ya warke, shekara biyu bakin na ta rage buɗewa har cokali ya daina shiga, tuwo sai uwar ta dama shi ruwa-ruwa ta ɗura mishi ta giɓin haƙori. Ƙashin ya tsiro ɗin fa, amma ya tsiro ya manne da ƙoƙon kai. Sai da anka yi mishi aiki anka raba wurin, bayan nan wata da watanni ana cusa 'yan katakon nan na duba maƙogwaro tsakanin haƙoranshi yana kuka, don kar ya sake haɗewa.

Mu nan Sakkwato muna da Asibitin Noma, wato asibitin ciwon zaizayar baki, tun 1999, yaran da zaizayar baki ta kulle wa muƙamuƙi suna nan ana yi musu aiki. Don Allah ku gayyato likita ɗaya daga can, da wani daga tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ɗanfodiyo, ku maimaita shirin, kuma ku sa shi bayan isha'i lokacin da iyaye mata ke kusa da rediyo.

Mai sauraronku,
daga Mabera, Sakkwato