Gashaka-Gumti ba Yankari ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na yawon buɗe ido na ranar Asabar, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa, cewa duk wanda ya taɓa zuwa Yankari ya riga ya san yadda zai shirya wa Gashaka-Gumti, ya ɗauki jakarsa kawai a hutun watan Agusta saboda a lokacin ne daji ya fi kyau. Mai gabatar da shirin bai tsayar da shi ba, sai ma ya ƙara masa da cewa tafiyar ƙarshen mako ce. Ina kyautata zaton babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa wuce Jalingo.

Mu nan Gombe mun san Yankari sarai. Mutum zai tashi da safe, ya karya kwana a Dindima, ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, a zaga da shi a mota ya ga gwaggon biri, in yana da rabo ya ga giwa, ya dawo ya kwana a gidansa. Gashaka-Gumti kuwa ita ce gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ta ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma a cikinta ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu dutsen da ya kai shi a ƙasar nan. Kafin ma a yi maganar dutse, isa Serti inda babban ofishin gandun yake aiki ne na yini guda cur daga Gombe, ta Kaltungo da Numan da Jalingo da Bali, kuma wannan in mota ba ta ba da matsala ba ke nan.

Shekara uku da suka wuce mu huɗu, dukkanmu malaman makaranta, muka yi wannan tafiya a watan Janairu, da irin tunanin da baƙonku yake koya wa jama'a. Ni na tafi da kaftani biyu marasa nauyi da mayafi guda, don a ganina wanda ya saba da hunturun Gombe ba ya tsoron wani sanyi. Daren farko da muka kwana a kan tudu na gane kurena, domin sanyin can ba irin namu busasshe ba ne, yana zuwa da raɓa mai jiƙa tanti da tufafi, har sai da muka raba dare muna zaune a bakin wuta muna karkarwa. Babban yayanmu a tafiyar, wanda ya dage sai da silifa zai hau saboda wai takalmi sau-ciki yana matse masa yatsu, ƙafarsa ta yi bororo tun rana ta biyu, kuma saboda shi muka juyo ba tare da mun ga ƙolin dutsen ba. Har yau in muka haɗu a ɗakin malamai ba a rasa mai tsokanarsa da zancen silifar nan.

Wannan fa duk a rani ne, lokacin da ma'aikatan gandun da kansu suke cewa a zo, wato daga Disamba zuwa Maris. A watan Agusta da kuka ba da shawara, damina ta kankama, koguna irin su Mayo Kam sun cika sun batse, hanyoyin cikin daji sun zama taɓo, ciyawa ta fi mutum tsayi ta yadda ko ɓauna ce a gabanka ba za ka gan ta ba. Mutumin da ya tara kuɗinsa wata da watanni, ya ɗebi iyali ya tafi a kan maganarku, wa zai biya shi asararsa in ya tarar ruwa ya tare hanya?

Abin da ya kamata a gaya wa masu sauraro ba shi da wuya. Su tuntuɓi ofishin gandun a Serti tun suna gida, su ji halin hanya da na tsaro, domin ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikaci, kuma mai niyyar hawan dutsen ya ware kwanaki, ya yi tanadin kuɗin ɗan jagora da 'yan dako. Ya tafi da tsabar kuɗi a hannu, don in aka nausa ciki waya ba ta samun sabis, balle a yi zancen tura kuɗi. Ya sayi takalminsa da wuri ya yi ta yawo da shi har ya saba da ƙafarsa, ya haɗa da rigar sanyi mai kauri da bargo da tocila da gidan sauro da maganin zazzaɓi, da riga mai dogon hannu saboda tsando a bakin kogi. Mu dai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino ne suka rufa mana asiri, burodin da muka saya a Bali kuwa bai kwana biyu ba ya yi funfuna. Duk da wahalar da muka sha, na ga dorina a ruwa da idona, kuma ina shirin komawa bana da kayan da suka dace.

Sannan ina roƙo a duba yawan tallar maganin gargajiya da ake cusawa a tsakiyar shirin, domin ranar Asabar sau uku aka katse baƙon, har lokaci ya ƙare ba a karanta saƙon ko mutum ɗaya ba, alhali na aiko da nawa tun farkon shirin. Ina fatan za a gyara maganar watan Agusta a shiri mai zuwa, kafin makarantu su yi hutu.

Naku mai sauraro kullum,
wani malamin makaranta daga Tudun Wada, Gombe