Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni: "Da ɗanki ne fa?"

Assalamu alaikum Hajiya, tare da gaisuwa irin ta 'ya ga uwa.

A shirin rediyon da aka gayyace ni nan Abuja kan shari'ar Maryam Sanda, ke ce kika bugo waya daga Kubwa dab da za a rufe. Na ce ɗaukaka ƙara haƙƙinta ne, ko da duniya duka ta gamsu cewa ita ta kashe mijinta. Sai kika ce: "Barista, kotu ta ce ta yi kisa, wata kotun ta sake cewa ta yi, me kuma ake nema? Da ɗanki ne fa aka kashe, za ki zauna kina yi mana wannan lissafin?" Kika ƙara da cewa ke ma an kashe miki ɗa, har yau ba a hukunta kowa ba. Lokaci ya ƙare ban amsa miki ba, alhali tambayar ta fi ƙarfin a bar ta a iska.

Kafin komai, Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya sa ya huta, Ya bi masa haƙƙinsa, ke kuma Ya ƙara miki haƙuri da dangana.

Da ɗana ne, Hajiya, ba zan so jin kalmar ɗaukaka ƙara ba, kuma duk ranar da aka ɗage zama sai na ji kamar an sake yi mini mutuwar. Wannan ba na musunsa. Amma da ɗana ne, akwai abu biyu da nake roƙon Allah Ya ba ni ƙarfin halin yi tun daren farko: in tsaya a bakin ƙofa in hana a wanke ɗakin, sannan in roƙi mahaifinsa da kawunnansa su jinkirta jana'iza har likita ya binciki gawar ya rubuta abin da ya gani. Dalilina yana cikin ita wannan shari'ar da muke ta jayayya a kanta.

Bilyaminu Bello, mijin Maryam, ya rasu a watan Nuwamban 2017 a gidansa a Abuja. Ranar 27 ga Janairun 2020 Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya ya sami matarsa da laifin kashe shi, ya yanke mata hukuncin rataya a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar final kod. Babu wanda ya zo kotu ya ce a kan idonsa aka yi sukar da ta yi ajalinsa. Alƙali ya gina hukuncinsa ne a kan alamomin da suka kewaye mutuwar: shaidar abokin mamacin da ya ce a wannan daren ya yi ta raba ta da wuƙa tana neman kai wa mijin suka, da kuma ƙa'idar shari'a da ta ce wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci, shi zai yi bayanin yadda aka yi. Ita kuwa ta ce rigima suka yi, ya faɗi a kan fasasshiyar tukunyar shisha. Alƙali bai gamsu da wannan bayani ba. Da lauyoyinta suka je Kotun Ɗaukaka Ƙara, abin da suka riƙe shi ne: babu rahoton binciken gawa, ba a gabatar da makamin a kotu ba, ita kuma ba ta amsa laifi ba. A Disamban 2020 kotun ta kori ƙarar. A Disamban 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin, alƙalai huɗu suka amince, ɗaya ya saɓa.

A dokarmu, alamomi suna isa a kama mutum da laifin kisa idan suka haɗu suka nuna shi shi kaɗai, kuma ba dole ne sai da rahoton likita ba idan sanadin mutuwar a fili yake. Don haka ni ban taɓa cewa kotunan nan uku sun yi zalunci ba. Na karɓi hukuncinsu. Masu cewa ina kare ta ne don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba su saurare ni da kyau ba, domin mamacin ma mace ce ta haife shi.

Amma dubi inda shekara takwas na gardama suka tattaru. Raunin wuƙa da raunin fasasshen gilashi ba ɗaya ba ne a wurin likitan da ya san aikinsa. Yana auna zurfin raunin da faɗinsa, ya duba bakinsa ko a gyare yake ko a yage, ya gano ta inda abin ya shiga da inda ya nufa, ya nemi ɓurɓushin gilashi a ciki, ya duba tafin hannu ko akwai yankan da mutum kan samu yana kare kansa. Aikin sa'o'i ne, ba na makonni ba. Da akwai wannan takarda a gaban alƙali, da maganar tukunyar shisha ta mutu ko ta rayu tun zaman farko, da dangin mamaci ba su yi ta jin ana juya labarin mutuwar ɗansu a kowace majalisa ba. Tun ran gini, tun ran zane.

Ba a gidan masu hali kaɗai ake wannan ba. Na taɓa shiga wani gida a bayan gari da hantsi, washegarin daren da aka kashe wani matashi. Na tarar maƙwabta mata sun riga sun zuba omo sun wanke simintin tas, an fitar da katifar an cinna mata wuta a bayan katanga, an jiƙa rigarsa a bokiti. Ba wata mugunta a ransu. Wata dattijuwa ta ce mini, "Ai ba ma bari uwarsa ta ga jinin ɗanta ba." Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ɗan sandan da ya zo da yamma ya leƙa ɗakin, babu abin da ya samu sai ƙanshin turaren wuta. Da aka zo kotu, lauyan wanda ake tuhuma bai sha wata wahala ba. Tambaya kawai ya dinga jerowa: ina rigar, ina makamin, wane likita ya ga gawar? Dokar shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har babu sauran kokwanto mai ma'ana, mu kuwa da hannunmu da tausayinmu muka wanke abin da zai tabbatar da shi.

Na san abin da za ki ce, don iyayena ma shi za su ce: gaggauta jana'iza sunna ce, kuma an ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Haka ne. Ko ni da nake wannan maganar, idan na tuna an ce za a farke gawar wanda na haifa sai tsigar jikina ta tashi. Sai dai manyan malamai sun zauna kan wannan mas'ala tuntuni. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a Makka a 1987, duk sun halatta binciken gawa idan ana neman gano musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, da sharaɗin a kiyaye mutuncin mamaci, a kuma binne shi bayan an gama. Hujjarsu ita ce jinin mutum ba abin da za a bari ya tafi a banza ba ne, kuma bai kamata a kashe wani bisa zato ba. Wannan fatawa ba ta iso tsakar gidajenmu ba. A makarantun Islamiyya na matan aure an koya mana wankan gawa da ɗinkin likkafani dalla-dalla, amma ban taɓa jin an ce ga abin da za ki yi idan mutuwar ta kisa ce ba. Ku iyayenmu da ake jin maganarku a gidan makoki, ku ne za ku iya cewa a dakata, a kuma dakata ɗin.

Game da naki ɗan: laifin kisa ba ya tsufa a dokar ƙasar nan. Komai shekarun da suka wuce, ana iya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda ko Ma'aikatar Shari'a a nemi sanin inda fayil ya kwana. Idan kina da ko da lambar ƙarar ce ko takardar asibiti, ki bar saƙo a gidan rediyon, zan duba miki ba tare da ko sisi ba.

Sai tambayarki ta farko, me kuma ake nema bayan kotu biyu. Kundin tsarin mulki ya ba duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa damar zuwa har Kotun Ƙoli ba tare da neman izini ba, saboda shi ne hukuncin da ba a iya gyara shi bayan an zartar. An taɓa yi a ƙasar nan. A 1981 gwamnatin jihar Oyo ta kashe wani Nasiru Bello da aka kama da laifin fashi alhali ƙararsa tana gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka, ta ba iyalinsa gaskiya. Gaskiyar ta zo, shi kuwa ya shekara biyar a ƙasa. Kuma ki lura, a shari'ar Maryam ɗaukaka ƙarar bai rage wa mamaci komai ba. Hukuncin da alƙali ɗaya ya yanke, yanzu wasu alƙalai bakwai na manyan kotuna sun duba sun sa masa hannu. Wanda ke son a ce an tabbatar, wannan ita ce hanyar tabbatarwa.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne waɗanda ba su da halin bin wannan hanya. Fiye da mutum 3,000 ne ke zaman jiran kisa a gidajen yarin Najeriya, rabon da a zartar da irin wannan hukunci kuwa tun Disamban 2016 a jihar Edo. Doka ta ba mutum kwana 90 ya ɗaukaka ƙara. Na ga uwar da ta kwance bakin zaninta ta zube mini tsofaffin takardun kuɗi a kan tebur, kuɗin tunkiyarta, don a buga bayanan zaman kotu a tura sama, kuma ba su kai ba. Akwai Hukumar Tallafin Shari'a tun 1976, amma lauyoyinta ba su isa ko'ina ba. Ɗan wannan mata babu wanda ya yi mahawara a kansa a rediyo.

Inda ni da ke muka haɗu shi ne maganar afuwa. A Oktoban 2025 fadar Shugaba Tinubu ta fitar da jerin mutum 175 da aka yi wa afuwa ko sassauci, sunan Maryam na ciki. Ƙasa ta ɗauki zafi, kafin watan ya ƙare aka sake duba jerin, aka mayar da nata ɗaurin shekara 12. Sashe na 175 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko, ba wanda ya hana shi. Amma an yi shi ne ƙarar tana gaban Kotun Ƙoli ba a yanke ba, kuma kotun da kanta ta ce hakan bai dace ba. Ɗaukaka ƙara a fili ake yinsa, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa, alƙali ya rubuta dalilinsa kowa ya karanta. Afuwar kuwa jerin sunaye kawai muka wayi gari muka gani. Nan da nan gidan mamacin ya rabu a bainar jama'a: mahaifinsa ya fito ya ce shi ya nemi a yafe mata saboda jikokinsa biyu, dangin da suka raine shi suka ce an fama musu miki. Kowannensu yana da abin faɗa, kuma babu zauren da aka tanada don a saurare su kafin a sa hannu.

A addininmu ba haka tsarin yake ba. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta sa yafiya a hannun magadan jini: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. A mazhabar Malikiyya ma ko sun yafe, mai kisan ganganci sai ya sha bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, domin al'umma tana da nata haƙƙin. Dokar da aka yi wa Maryam shari'a da ita ta ɗauki kisa a matsayin laifi ga hukuma, uwa da uba kuwa in an kira su, shaidu ne kawai. Ban ce a mayar da takobi hannun dangi ba. Abin da nake nema, kuma zan ci gaba da nema a duk inda aka ba ni dama, shi ne a rubuta a doka cewa kwamitin afuwa ba zai duba sunan wanda aka kama da laifin kisa ba sai ƙararsa ta ƙare a kotu, kuma sai ya aika wa iyaye da 'ya'yan mamaci sun zo sun faɗi ta bakinsu, an rubuta. Idan ƙungiyoyin mata na unguwanninmu za su kai wannan buƙata gaban Majalisar Tarayya, ni zan rubuta takardar, ina kuma fatan sunanki ya kasance cikin na farko da za su sa hannu.

Ki gaida mutanen gida. Wassalam.

'Yarki, lauya a Abuja.