Zuwa ga Mer ɗinmu: a dubi samarin da ke kashe mana gobara da bokiti

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Ni talakanka ne, manomin auduga a ɗaya daga ƙauyukan komin ɗin nan, kuma maganar wuta ce ta sa na rubuto, don hunturu ya kusa kuma kai ma ka san yadda iskar nan take idan ta samu zana da jinka.

Bara a unguwarmu toka ce kawai aka zubar bayan danga, ashe da sauran garwashi a ciki, kafin a ce kwabo gida uku sun kama, rumbu biyu na gero suka tafi, har da awakin wata gwauruwa da ke ɗaure a turke, wallahi kukansu har yau yana kunnena. An buga 118, lambar pompiye masu kashe gobara, kuma ni ban ga laifinsu ba, sojoji ne masu horo amma a birni suke, mu kuma hanyarmu ko moto sai ya yi da gaske, to wace wuta ce za ta tsaya jiran mota? Samarinmu ne suka yi layi daga rijiya, bokiti na bin hannu, wasu suka hau suna yaye jinkar maƙwabta don kar ta tsallaka. Ɗan ƙanena ya ƙone a hannu, da silifas ya shiga.

To ranka ya daɗe tunda dai su ne za su yi aikin ko an so ko ba a so, me zai hana a koya musu? Ba albashi muke nema ba. A zaɓo kamar mutum goma a kowane ƙauye ta hannun jauro da lawan, komin ta roƙi pompiye su zo ko kwana uku ne su nuna musu, a ba su takalmi mai rufi da safar hannu da shebur da usur, sai tankin ruwa ɗaya a kan keke mai ƙafa uku da zai riƙa kwana cike. Ai an yi wa ƴan sintiri irin wannan tsarin a wurare da yawa nan arewa, kuma ya tsaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya. Kowace kwana akwai mai tebur da kwalabe, jarkoki kuma a ɗakin kwana ake ɓoye su, kusa da murhu, kusa da yara. Mutanenmu da yawa ba su san fetur in ya kama ba a watsa masa ruwa ba, bisa ruwan yake hawa ya bi gari, yashi ake zuba masa ko a danne da jiƙaƙƙen bargo in kaɗan ne. Manya ba su manta da gobarar unguwar Nsam a Yawunde ba, 1998, yadda mutane suka je kwasar mai daga tankunan jirgin ƙasa wuta ta cinye fiye da ɗari. Ban ce a hana su sana'a ba, da ita suke ci, amma buhun yashi gefen kowane tebur nawa zai ci?

Sai masu cinna wa daji wuta don gafiya, su ma a ja musu kunne, a kuma sa a share ciyawa kewaye da inda muke tara auduga kafin a zo awo, guminmu na shekara ne a jibge a fili.

Dan Allah ka zo ranar kasuwarmu kafin a gama girbi, ka tara mu a ƙofar jauro. In an buɗe takardar rubuta suna, nawa ne na farko, ɗan ƙanen nan nawa ma ya ce a sa shi duk da tabon.

Naka, talakanka manomi.