Wasiƙa zuwa ga Habu, a kan Ƙyale-su

Aboabo, Kumasi

Aminina Habu,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Jamus, ya iyali? Nan lafiya lau. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga man zafin da ka yi mata alkawari ba.

Labarin karenka Ƙyale-su zan ba ka, don har gobe yaran gida "karen Baba Habu" suke ce masa, duk da ni nake ci da shi shekara 7.

Wata uku da suka wuce, ina ɗaure shi bayan sallar asuba, sai hannuna ya taɓa wani ƙullutu a haƙarƙarinsa na dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ɗauka cizon kaska ne. Abin da ya yaudare ni, yau ya kumbura ya yi ja, jibi ya sauka kamar ba a yi ba. Na shafa masa man kaɗe, na yi ta harkokina a kasuwar Kejetia har sati biyar. Sai da ya fara susa yana kuka na saka shi a bayan mota muka tafi wajen likitan dabbobi.

Likitar ta soka siririyar allura ta zuƙo ɗan abin da ke ciki, ta duba a madubin likita, ta ce sankarar fata ce, irin wadda ta fi kama karnuka. Daga ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin histamin, mai sa kumburi da ƙaiƙayi, take tasowa, shi ya sa in ya sosa ko na matsa sai ya kumbura, daga baya ya sauka. Ashe saukar da nake murna da ita, ita ce alamar. Gabana ya faɗi, Habu.

Amma ta kwantar min da hankali. Ta ce in ƙarin ƙarami ne, mai sauƙin hali, bai bazu zuwa kaluluwa ba, sau da yawa tiyata kaɗai ta wadatar, kare ya ci gaba da rayuwarsa. Sai dai ba ƙullutun kawai ake cirewa ba, ana haɗawa da lafiyayyar fata santimita 2 zuwa 3 kewaye da shi. Don haka ɗan abu kamar gyaɗa ya bar masa ɗinki tsawon tafin hannuna. An tura naman gwaji, sakamako ya dawo: mai sauƙin ne, kuma an kwashe shi tas.

Kwana 14 ya yi da wani mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Da ka ga yadda yake karo da ƙofar zaure yana ture butoci, da ka yi dariya har da hawaye.

Mutanen layi kuwa ba a magana. Wani dattijo a majalisa ya ce, "Kare fa, Alhaji! Kuɗin buhun shinkafa biyu a kan kare?" Ban tanka ba. Shi ya manta daren da ɓarayi suka hauro katangarsa, wa ya tashe mu? Ai kai ka raɗa wa karen suna Ƙyale-su.

Yanzu duk Juma'a nakan shafa jikinsa daga kunne har wutsiya, don likitar ta ce wanda ya taɓa yi, wani sabo na iya fito masa a wani wurin. Wata mai zuwa za mu koma ta sake duba shi.

Ka gaida Maman Amira da yara. Kuma don Allah man zafin nan, ka fitar da ni kunyar Hajiya.

Naka,
Garba