Barka da Kirsimeti daga Jamus

Baba da Mama,

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Barkanmu da Kirsimeti! Lafiyata lau, sai dai sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma.

Mutanen nan tun daren jiya suka yi bikinsu, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Yau titi tsit, babu ganga, babu yara masu yawon nuna sabon ɗinki. Na dafa shinkafa, amma ina! Miyar Mama nake so, wadda ake ɗorawa tun asuba da naman akuya, mai ya taso samanta ja wur, ƙamshi har bakin titi. A zuba a langa a ɗora wa yara, wannan gidan Alhaji, wannan gidan Goggo, ba a tambayar wa ya aiko mana bara. Da na tuna sai hawaye.

Mama, Yaya ta ce hankalinki a tashe yake don aikin asibiti na hana ni sujada wasu Lahadin, har kina ƙara azumi saboda ni. Ki kwantar da hankalinki. Kwanan baya na je Wittenberg, garin Martin Luther, malamin addinin nan wanda ikilisiyarmu ta Lutheran a Najeriya, wato LCCN, ke ɗauke da sunansa. Na tsaya a ƙofar majami'ar da aka ce ya manna batutuwansa 95 a 1517, yana sukar yadda ake sayar wa talakawa takardun gafara. Ƙofar katakon ta ƙone tuntuni, ta tagulla ce yanzu, kabarinsa kuma yana ciki. Mutumin nan ya sha azumi da furta zunubi har ya galabaita, zuciyarsa ba ta sami salama ba, sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa ido: ta wurin bangaskiya mai adalci zai rayu. Kiyaye Shari'a ba ya baratar da kowa a gaban Allah. Almasihu ya riga ya biya, namu karɓa ne. Duk ranar da ba ni da aiki ina majami'a, baikona ma yana fita, da murna da godiya nake yi. Baba, ai kai ka sha karanta mana Afisawa 2:8 a addu'ar safe, ka tuna mata.

A gaishe mini da Kaka da kyau da kyau. A ajiye mata hanta mai laushi, kada a bar ta ta taka zuwa sujada da ƙafar nan, a ɗauko mata keke. Ku riƙa mata waya da yamma ta yi mini waƙa ko ɗaya ce, muryarta nake marmari. Zumuntar mata, Allah ya ƙara ƙarfi, na san tulunan kiɗa sun sha duka yau. Ina gaida Fasto, su Kawu na Numan, Goggo, gidan Alhaji da maƙwabta duka. Auta, takalminka na tafe kafin babban taron ikilisiyarmu na Demsa, ka turo lambar ƙafarka.

'Yarku mai kewarku.