Batun fita hayyaci a wajen ibada ya girmi majami'un zamani

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku na ranar Lahadi, inda baƙonku ya ce faɗuwa da fita hayyaci lokacin addu'a sabon abu ne da majami'un zamani suka ƙirƙiro. Maganar ta tsaya mini a rai, domin tun farkon ikkilisiya ake wannan gardama.

Manzo Bulus ya ba da labarin wani da aka ɗauke shi zuwa sama ta uku, ya ce ko da jikinsa ne ko ba da jikinsa ba, Allah ne masani. Shi ne kuma ya gargaɗi Korintiyawa cewa ruhun annabi yana ƙarƙashin ikon annabin. A ƙarni na 2, a Firijiya da ke Turkiyya ta yau, Montanus da wasu mata biyu, Firiskila da Maksimila, suka riƙa annabci hankalinsu a gushe. Shugabannin ikkilisiya na yankin suka zauna, suka ƙi su. Tertuliyan na Kartaj da ke Arewacin Afirka kuwa, malamin da ba a raina iliminsa, ya goya musu baya, har ya rubuta littafi a kan fita hayyaci.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Agustin, babban malamin ikkilisiya, da mahaifiyarsa Monika a garin Ostiya da ke kusa da Roma, shekarar 387. Suna jingine a taga, suna kallon lambu, suna hirar rai madawwami. Hirar ta yi ta hawa da su, ta wuce rana da wata da taurari, ta wuce tunaninsu ma, har suka taɓa hikimar Allah na ƙiftawar ido, suka yi ajiyar zuciya, suka dawo ga maganar baki. Babu ihu, babu wanda ya faɗi ƙasa. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Monika, ta rasu a garin.

Na ga wata dattijuwa a majami'armu, ana waƙa ta yi shiru, hawaye na zuba, sai da aka taɓa kafaɗarta ta san an tashi. Ranar nan na tuna Monika.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku sake buɗe wannan batu, ku gayyato malamin tarihin ikkilisiya ya zauna tare da baƙon naku.

Naka,
Mai sauraro daga Kafanchan